Tafarnuwa, Yis da Bitamin C: Iyakar Abin da Ƙarin Abinci Ke Yi wa Garkuwar Jikin Kifin Kiwo

Wanda ya shiga shagon abincin kifi a Kano ko Kaduna ko Abuja a yau zai tarar da kaya iri biyu. A ƙasa buhunan abinci ne jibge, daga mai ƙananan ƙwayoyi na 'ya'yan kifi zuwa na manyan da ake shirin kaiwa kasuwa. A kan kanta kuwa ƙananan ledoji ne da kwalabe, kowanne da alkawarinsa: wannan yana ƙara garkuwar jiki, wancan yana hana mace-mace, ɗayan yana gyara hanji. A wajen shagon ma akwai wata makarantar, ta masu kiwo a junansu, inda ake ba da shawarar a daka tafarnuwa a cuɗa da abinci, ko a barbaɗa garin zogale, ko a matse shuwaka a ruwan tanki. Mai kiwon da ya taɓa wayar gari yana kwashe matattun tarwada da kwando ba zai ƙi sauraron kowa ba, kuma ba a ga laifinsa. Tambayar da ta kamata a zauna a kanta ita ce ko abin da ake ƙara wa kifi a abinci yana taɓa garkuwar jikinsa da gaske, in kuwa yana taɓawa, a ina ƙarfinsa ya tsaya.

Yana taɓawa. An auna an gani, fiye da shekara 40 ke nan ana aunawa. Sai dai tsakanin abin da aka gani a ɗakin gwaji da abin da mai kiwo yake fata idan ya miƙa kuɗinsa akwai tazara, kuma a cikin wannan tazarar ce jarin mutane da dama yake nutsewa.

Maganar ta yi girma ne saboda kiwon kifi kansa ya yi girma. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ce a shekarar 2022 an samu tan miliyan 94.4 na kifi da sauran dabbobin ruwa daga kiwo, wato kashi 51 cikin 100 na abin da duniya ta samu, kuma karo na farko ke nan da kiwo ya zarce kamun kifi. A Afirka Masar ce kan gaba, Najeriya na biye da ita, kuma babu ƙasar da ta kai Najeriya kiwon tarwada a nahiyar. Kiwo kuwa tara kifi ne da yawa a ruwa kaɗan. Inda aka tara rayuka a matse, cuta ba ta wahalar samun na gaba. Abin da aka saba yi idan mutuwa ta fara shi ne a zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta, galibi oksitetrasaikilin, sau da yawa ba tare da an san wace cuta ce ba. Ƙwayoyin cuta suna sabawa da maganin, ruwan tankin ana sakinsa ya bi kwata ko ya shiga gonar kayan lambu, sauran maganin kuma yana iya zama a naman kifin idan aka sayar ba a jira ya fita ba. Babban binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa ƙwayoyin bakteriya masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a shekarar 2019, kuma yammacin Afirka ne yankin da abin ya fi tsanani idan aka gwada da yawan jama'a. Tarayyar Turai ta haramta sa irin waɗannan magunguna a abincin dabbobi don ƙara musu girma tun ranar 1 ga Janairun 2006. Daga nan neman madadi ya ƙara zafi, kasuwar ƙarin abinci ta buɗe sosai.

Kafin a yi hukunci a kan kowane ƙari, sai an san jikin da ake zuba masa. Kifi ba shi da ɓargon da ke ƙera jini irin namu, ba shi kuma da kaluluwa. Ɓangaren gaba na ƙodarsa, wanda ke kusa da kai, shi ke ƙera ƙwayoyin jini, saifa na taya shi. Garkuwarsa hawa biyu ce. Hawan farko shi ne wanda aka haife shi da shi, wanda ba ya tambayar sunan cuta: fata, da yauƙin da ke lulluɓe ta, da bangon hanji, da fararen ƙwayoyin jini masu haɗiye duk baƙon da suka tarar. Yauƙin nan da ke sa tarwada ta suɓuce daga hannu cike yake da sinadaran kariya, ciki har da laisozaim, mai fasa bangon wasu ƙwayoyin bakteriya, wanda Alexander Fleming ya bayyana a 1922, kafin ya gano fenisilin. Tarwada ba ta da ɓawo a jiki, don haka wannan yauƙin a wurinta babban abu ne, kuma duk lokacin da aka ja ta da raga mai kaushi ko aka tara ta a bokiti ana tantancewa, ana kankare shi ne. Hawa na biyu shi ne wanda ke gane cuta takamaimai, ya ƙera mata makami nata na kanta, ya kuma tuna ta. Kifi yana da wannan, shi ya sa allurar riga-kafi take yi masa aiki, amma a hankali yake tashi, yakan ɗauki makonni, kuma da yake zafin jikin kifi zafin ruwansa ne, sanyi yana ƙara masa nawa. Saboda haka kifi ya fi mu dogaro da hawan farko, kuma kusan duk abin da ake sayarwa da sunan ƙara garkuwa a nan yake aikinsa.

Daga cikin abubuwan da ake ƙarawa, bitamin C ne ya fi kowanne hujja mai ƙarfi, kuma shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Akuya da kaza suna haɗa nasu a cikin jiki. Tarwada da karfasa da yawancin kifayen kiwo ba sa iyawa, kamar yadda mutum ba ya iyawa, domin ba su da sinadarin da ke kammala haɗa shi. A tafki ko kogi kifi yana samunsa daga abin da yake tsinta. A tankin siminti ko na tamfol babu abin tsinta, abin da ke cikin buhu shi ne duniyarsa. Idan bitamin C ya yi ƙaranci, jiki ba ya iya gina zaren da ke riƙe fata da ƙashi da jijiyoyin jini, sai a ga kifi da karkataccen baya, rauni ba ya warkewa, kuma a tarwada ana danganta tsagewar ƙoƙon kai da masu kiwo suka sani da wannan rashin. Fararen ƙwayoyin jini ma suna tara bitamin C da yawa a cikinsu, domin guba suke fesa wa cuta, shi kuma yana kare su daga gubar tasu.

A 1985 wasu masu bincike biyu a Jami'ar Auburn ta jihar Alabama a Amurka, Li da Lovell, suka wallafa gwajin da har yau ake ambato. Sun ciyar da tarwadar Amurka abinci mai bitamin C gwargwado daban-daban, sannan suka sa mata ƙwayar Edwardsiella ictaluri, wadda ke yi wa masu kiwon can ɓarna. Kifayen da abincinsu ba shi da bitamin C ko kaɗan duk suka mutu. Waɗanda aka ba miligiram 300 a kowane kilo na abinci, kashi 15 cikin 100 ne suka mutu. Waɗanda aka ba miligiram 3,000 babu wanda ya mutu. Duk mai sayar da bitamin zai so ya tsaya a nan. Amma a 1993 wasu masu bincike a jihar Misisifi suka sake gwada ƙara bitamin C da yawa a kan irin wannan kifi da wannan cuta, suka ba da rahoton cewa ƙarin bai daɗa wa kifin juriya ba. Abin da na fahimta daga haɗa biyun shi ne, fitar da kifi daga rashi zuwa wadata abu ne tabbatacce mai ceton rai, amma tura masa ninkin abin da yake bukata wani lokaci yana amfani, wani lokaci kuɗi ne kawai aka zuba a ruwa.

Inda wannan ya shafe mu kai tsaye shi ne bitamin C ba ya jure zafi da danshi da iska. Injin da ke yin abinci mai yawo a kan ruwa yana dafa shi da zafin da ya haura digiri 100, kuma bitamin C na gama-gari yawancinsa a nan yake ƙonewa. Shi ya sa manyan kamfanoni suke amfani da wani nau'i da aka ɗaure da fosfet, wanda ke jure zafin. Tsadar abincin kamfani, wanda kan cinye kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kuɗin kiwo, ta sa mutane da yawa suna haɗa nasu da masara da waken suya da ƙuli-ƙuli da garin kifi, su murza a inji su shanya a rana. Dabara ce mai kyau, ba na kushe ta. Amma idan haɗin bitamin da aka zuba ya daɗe a shago cikin zafin bazara, aka kuma shanya abincin a rana tsaka, to abin da ke rubuce a jikin leda ba shi ne ya isa cikin kifi ba. Bitamin E da sinadarin seleniyam da zinc ma labarinsu ɗaya ne: rashinsu yana raunana garkuwa, cike gurbinsu yana dawo da ita, wuce gona da iri kuma, musamman a seleniyam, guba ne.

Rukuni na biyu na abubuwan da ake ƙarawa dabam yake, domin ba abinci ba ne a ma'anar gina jiki. Mafi shahara a cikinsu shi ne beta-gulukan, wanda ake cirowa daga bangon ƙwayar yis, irin wanda ake kwaɓa burodi da shi. Fararen ƙwayoyin jinin kifi suna da abin gane wannan sinadari, domin irinsa ne a jikin funfuna mai cutarwa. Da sun ji shi sai su ɗauka an kawo hari, su yawaita, su ƙara haɗiye ƙwayoyin cuta, laisozaim ya ƙaru a jini. Masu bincike a Jami'ar Tromso ta ƙasar Nowe sun nuna a 1990 cewa kifin salmon da aka yi wa allurar gulukan ya fi jure wasu cututtukan bakteriya, kuma daga wannan aikin aka samu kayan da ake sayarwa da sunan MacroGard. A lura, allura aka yi a wancan gwajin. Ta baki ma yana aiki, amma ƙarfinsa bai kai na allura ba.

Matsalar gulukan ita ce sabo. Mai gadin da aka yi wa ihun ɓarawo sau ɗaya zai kwana ido biyu, amma wanda ake yi wa ihun kowane dare ba ɓarawo, wata rana zai juya ya ci gaba da barcinsa. Wani bincike da aka wallafa a 1995 a kan tarwadar Afirka, irin tamu ɗin nan, ya nuna haka: kuzarin fararen ƙwayoyin jini ya hau a makonnin farko na ciyar da gulukan, amma da aka ci gaba har kwana 45 sai ya koma inda yake tun farko. Shi ya sa masana suke ba da shawarar a bayar na ɗan lokaci a dakata, kuma a saita bayarwar kafin lokacin da aka san kifi zai sha wuya, kamar jigila daga wurin ƙyanƙyasa, ko tantancewa, ko shigowar sanyi. Garkuwar da ke tsaye kullum ma tana da farashi, ƙarfin da jiki zai sa a girma ne take ci.

Sai ƙwayoyin bakteriya masu amfani, waɗanda ake kira furobayotik, da kuma irin abincin da ke ciyar da su a hanji. Aikinsu shi ne su mamaye bangon hanji su hana masu cutarwa wurin zama, su fitar da tsamin da ke takura musu, su kuma riƙa zaburar da garkuwar da ke jikin hanjin. Tarayyar Turai ta amince da wani nau'in Pediococcus acidilactici don abincin kifi a 2009. Abu uku ne ke yanke hukunci a kansu. Dole su isa hanji da rai, kuma zafin inji yana kashe yawancinsu, in ban da dangin Bacillus masu iya ƙudundunewa cikin ƙwanso, shi ya sa ake fesa sauran a kan abinci bayan ya huce. Yawancinsu ba sa zama dindindin, da an daina bayarwa sai su ragu. Kuma haɗa su da maganin kashe ƙwayoyin cuta a lokaci guda asara ce, domin maganin ba ya bambanta na kirki da mugu.

Ganyaye da saiwoyi su ne suka fi jan hankalinmu, domin suna kasuwar ƙofar gida, kuma mun yarda da su tun kaka da kakanni. Ba zancen banza ba ne. A 2009 Nya da Austin, a Jami'ar Heriot-Watt da ke Edinbara ta Sukotilan, suka ciyar da wani kifin ruwan sanyi dangin salmon tafarnuwa, rabin giram zuwa giram ɗaya a kowane giram 100 na abinci, har kwana 14, sannan suka sa masa Aeromonas hydrophila, ƙwayar da ke haddasa gyambo da jan ciki da kumburi a tarwadarmu ma. Kashi 4 cikin 100 ne suka mutu a cikin waɗanda suka ci tafarnuwa, kashi 88 a cikin waɗanda ba su ci ba. Sun yi irin wannan gwajin da citta, ita ma ta ba da sakamako mai kyau. An yi gwaje-gwaje masu yawa da kurkur da habbatussauda da zogale a kan karfasa da tarwada, a Masar da Najeriya da ƙasashen Asiya, kuma da dama sun ga ƙaruwar fararen ƙwayoyin jini da laisozaim.

Amma a dubi ma'aunin tafarnuwar nan da kyau. Giram 5 zuwa 10 ne a kilo guda na abinci, na mako biyu, kuma kafin cuta ta zo aka bayar. Wannan ya yi nisa da a tarar kifi suna mutuwa a daka tafarnuwa cike da kwano a juye. Sinadarin alisin da ke ba tafarnuwa ƙarfinta yana samuwa ne idan aka daka ta, kuma ba ya daɗewa, zafi yana lalata shi. Ƙarfin ganye kuma ba ɗaya ba ne daga gona zuwa gona, ko daga ɗanye zuwa busasshe, don haka cokali ɗaya na yau ba lallai ya zama daidai da cokali ɗaya na gobe ba. Zogale ya fi kowanne nuna hatsarin zarce iyaka. Masu bincike a Jami'ar Hohenheim ta Jamus sun nuna a 2003 cewa garin ganyensa zai iya maye gurbin kusan kashi 10 cikin 100 na furotin ɗin abincin karfasa ba tare da girma ya ragu sosai ba, amma da aka haura haka sai kifin ya daina girma yadda ya kamata, saboda ganyen yana ɗauke da sinadarai masu ɗaci da masu hana jiki tsotsar abinci. Darbejiya kuwa idan ta yi yawa a ruwa ita kanta tana kashe kifi. Garin neman gira a rasa ido ba abu ne mai wuya ba a wannan fagen.

Akwai kuma abin da ya kamata mai karatu ya riƙe duk lokacin da aka ce masa bincike ya tabbatar. Yawancin waɗannan gwaje-gwajen a ƙananan tankunan ɗakin gwaji ake yinsu, da ruwa mai tsabta, da kifi 'yan kaɗan, na makonni shida zuwa goma. Da yawa daga cikinsu jini kawai suke aunawa. Hawan laisozaim ko yawan fararen ƙwayoyin jini alama ce cewa jiki ya motsa, amma jiki yana motsawa idan an ƙarfafa shi, yana kuma motsawa idan an dame shi. Gwajin da ya fi nauyi shi ne wanda aka sa wa kifin cuta aka ƙirga waɗanda suka rayu. Shi ma yana da rauninsa, domin sau da yawa da allura ake tura ƙwayar cutar cikin ciki, an tsallake fata da yauƙi da hanji, waɗanda su ne ƙofofin da cuta ke bi a tanki. Ga shi kuma gwajin da ya yi nasara ya fi saurin samun shiga mujalla fiye da wanda bai ga komai ba, don haka abin da muke karantawa ya fi gaskiyar lamarin armashi. Wannan bai soke binciken ba. Yana nufin sakamakon kifin ruwan sanyi a Sukotilan shawara ce ga mai tarwada a Zariya, ba alkawari ba.

Wani abin da ke damuna shi ne ana ta maganar abin da za a ƙara wa abinci, ba a cika maganar abin da ya riga ya shiga cikinsa ba. Masara da gyaɗa da aka adana da danshi suna yin funfuna, funfunar kuma tana fitar da gubar afalatoksin. An gano wannan guba ne bayan 1960, lokacin da talo-talo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila daga cin abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Barazil, kuma a daidai wannan zamanin aka ga ciwon dajin hanta ya bazu a wuraren kiwon kifi a Amurka saboda gurɓataccen abinci. Gubar tana lalata hanta, tana danne garkuwar jiki, dafuwa kuma ba ta kawar da ita. Masara da ƙuli-ƙuli kuwa su ne ginshiƙin abincin da muke haɗawa a gida, kuma abin takaici, hatsin da mutane suka ƙi saboda ya canza launi shi ake karyar wa masu kiwo. Cibiyar IITA ta Ibadan ta samar da Aflasafe don rage wannan guba tun daga gona, amma mai haɗa abinci ma yana da nasa aikin: ya duba, ya sansana, ya ƙi abin da ya yi wari. Haka man da ya daɗe ya yi ɗoyi, ko garin kifin da ya tsufa, yana cinye bitamin E da ke cikin abinci da wanda ke jikin kifin. Wanda ya barbaɗa gulukan mai tsada a kan irin wannan abincin bai gyara komai ba.

Ruwa kuma ya fi duk wannan. Kifin da ke cikin takura jikinsa yana sakin sinadarin kotizol, wanda idan ya daɗe a jini yake danne fararen ƙwayoyin jini. Cunkoso da ƙarancin iskar oksijin da tarin amoniya daga kashi da ragowar abinci, da yawan kamawa da saki, duk suna tayar da shi. Tarwada tana ruɗar mu a nan, domin tana da gaɓar shaƙar iska daga sama, tana rayuwa a ruwan da zai kashe karfasa, sai mai ita ya ɗauka lafiya lau take alhali a sannu take raunana. Ƙwayoyin Aeromonas kusan kullum suna cikin ruwan tanki, ba daga waje ake kawo su ba, jira suke kifi ya yi rauni. A arewa muna da ƙarin jarrabawar hunturu. Tarwada ta fi walwala a ruwan da ke tsakanin digiri 26 da 30, amma daga Disamba zuwa Janairu ruwan tankin da ke fili yana yin sanyi ƙwarai da dare, kifi ya rage ci, garkuwarsa ta yi sanyi tare da ruwan. Duk wani ƙari da ke cikin abinci sai an ci shi yake aiki, kifin da ya kamu da ciwo kuwa abin da yake fara yi shi ne barin abinci. Saboda haka lokacin bayar da shi watan Nuwamba ne, tun kifi yana cin abinci da marmari, ko mako biyu kafin jigila. Ranar da aka ga gyambo a jiki kuma, likitan dabbobi ake nema, a san cutar, a ba da maganin da ya dace da adadin da ya dace, a kuma jira ya fita daga jikin kifin kafin a sayar.

Ƙasar Nowe ta nuna yadda ake fita daga dogaro da magani. A 1987 masu kiwon salmon ɗinta sun yi amfani da kusan tan 50 na maganin kashe ƙwayoyin cuta. Daga farkon shekarun 1990 amfani da shi ya faɗi da kusan kashi 99 cikin 100, alhali kifin da suke fitarwa ya haura tan miliyan ɗaya a shekara. Abin da ya kawo wannan shi ne allurar riga-kafi da ake yi wa kowane ɗan kifi kafin a kai shi teku, da dokar hutar da wurin kiwo tsakanin zubi da zubi, da hana sayen magani ba takardar likita. Abinci mai gulukan ya zo ne a matsayin mataimaki, kuma har yau suna fama da ƙwarƙwatar teku da mace-macen da ba su gama shawo kansu ba. A kusa da mu, lokacin da wata ƙwayar bairos ta afka wa karfasar da ake kiwo a keji a Tafkin Volta na Ghana daga ƙarshen 2018, ta yi ɓarna mai yawa musamman a ƙananan kifi, riga-kafi da tsaurara tsabtar wuraren ƙyanƙyasa aka koma wa.

Mai tarwada a Najeriya ko Nijar ba shi da irin wannan gatan na riga-kafi a hannu, shi ya sa ƙarin abinci yake da daraja a wurinsa fiye da a wurin ɗan Nowe, shi ya sa kuma ya cancanci a faɗa masa gaskiya a kai. Muna da cibiyar binciken kifin ruwa mai daɗi ta ƙasa a New Bussa, kusa da Kainji, muna da sassan nazarin kifi a jami'o'i da dama, muna da NAFDAC da ke da alhakin rajistar kayan abincin dabbobi da magungunansu. Abin da nake son gani daga gare su shi ne gwaji a tankunan masu kiwo na gaske, daga zubi har kwashewa, wanda zai ratsa hunturu ya ratsa bazara, ya ƙirga kifin da ya rayu da kilon da aka samu da nairar da aka kashe, a kuma wallafa sakamakon ko da bai yi daɗi ba. Ina kuma son a riƙa ɗaukar ledojin nan daga kanta ana aunawa, a ga ko ƙwayoyin da aka ce suna ciki da rai suna nan.

Kafin a kai ga haka, mai kiwon da ke da tanki biyu ko fiye zai iya yin nasa gwajin. Ya raba 'ya'yan kifi 'yan zubi ɗaya daidai wa daida, ruwa ɗaya, abinci ɗaya, ya sa ƙarin a tanki ɗaya ya bar ɗayan haka nan, ya auna abin da yake sawa da sikeli maimakon tafin hannu. Ya rubuta mutuwar kowace rana a littafi, ya auna nauyin kifin duk mako biyu, ya haɗa kuɗin ƙarin a lissafi. Zubi ɗaya ba ya isa a yanke hukunci, domin tanki biyu kan bambanta ko ba a sa musu komai ba, don haka a zubi na gaba sai ya musanya tankunan ya sake.